Bencin da Na Ajiye a Bayan Coci

Kaura Namoda

Zuwa ga ɗana Ishaku,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya a gidan Fada, limamin coci, a Gusau, kai da 'yan uwanka da kuke shirin tafiya seminari. Allah ya tsare ku daga ciwo, da direba mai gudu, da abokin banza. Mamarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci ko da ba irin nata ba ne. Mu nan muna lafiya, in ban da gwiwata da ba ta rabo da ƙorafi.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Maganar da ka yi ce ta hana ni sakat. Ranar Lahadin da aka yi maka addu'ar sallama, muka dawo gida muna cin tuwo, mamarka ta ce ka daure ka je Zurmi ka sallami yayarka Rahila kafin ka tafi. Ka ajiye lomar da ke hannunka, ka ce, "Mama, wanda zai tsaya gaban bagadi ba kowane gida yake shiga ba." Ba ka ɗaga murya ba. Har ɗan gyaran muryar nan ka yi kafin ka faɗa, irin nawa sak. Mamarka kuwa ni ta juyo ta kalla. Nan take na gane muryar. Tawa ce, ni na zuba maka ita, kuma ga shi za ka ɗauke ta ka tafi da ita inda ake horar da masu kiwon mutane. Ina jin tsoro, Ishaku. Shi ya sa na zauna in gaya maka yadda abin ya faru, ba yadda na riƙa faɗa maka ba.

Ka san tun kafin a haife ka nake aikin katikis, malamin coci, kuma ka san an fi sanina da waƙa. Abin da ba ka sani ba shi ne rabin waƙoƙin nan ba nawa ba ne. Ni baiti nake haɗawa. A kan keke suke zuwa mini, ina hanyar Shinkafi ko Moriki zan kai addu'a ga 'yan tsirarun Kiristocin da ke can. Amma ba ni da kan riƙe murya. Kafin in dawo gida ta gudu, sai kalmomin kawai. Yayarka ce take zama bakin murhu in karanto mata, ta yi ta juya baitin a bakinta har ta samo masa murya, ta kuma riƙe ta. Wannan da kuka fi so, haka aka yi ta:

Ya Uba, tun ban kira ba ka waiwaya,
Ban yi noma ba, ka cika mini rumbuna,
Na taho da ƙura har bisa gwiwa,
Ka ce in shigo, ka shimfiɗa tabarma.

In an rera ta a Misa tsofaffi su yi ta share hawaye, a fito a kewaye ni ana cewa, "Malam Habila, Allah ya ƙara basira." Ni kuwa in sunkuyar da kai wai tawali'u, alhali cikina fari ƙal. Ban taɓa cewa ku gode wa yarinyar can ba. Na fake da cewa 'yar fari ce, ba a yabon ɗan fari a gaban mutane. Ƙarya nake yi, yabon ne ba na son rabawa. In ka zama Fada za a yabe ka a kan abin da wasu suka yi, masu share coci da masu dafa maka abinci da masu koyar da yara. Ka buɗe baki ka kira sunansu, tun suna kusa da kai.

Mamarka ta sha faɗa mini, "Malam, a coci kai ne mai waƙar ƙauna, a gida kuwa ko sajan bai kai ka ba." Sai in yi dariya in ce mata ba ta san aikin Allah ba. Ta san shi, ta fi ni saninsa.

Da aka yanke mana jiha daga Sakkwato murna muka yi kamar kowa. Aiki ya buɗe, baƙi suka shigo, cocinmu ya cika har muka ƙara rumfa a waje. A cikin baƙin akwai wani saurayi mai kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa. Ba zan rubuta sunansa ba, ka san shi. Ya nuna yana son Rahila, iyayensa ma sun zo gaisuwa sau ɗaya, ni kuma na yi ta ja musu rai don in nuna 'yar katikis ba a samunta da arha.

Sai aka fara maganar Shari'a. Kai yaro ne a lokacin, ba za ka tuna irin tsoron da ya shige mu ba. Kullum da sabuwar jita-jita. An ce za a rufe coci, an ce za a hana mu waƙa. Wasu abubuwan sun taɓa mu da gaske, mamarka ta sha dawowa daga kasuwa a ƙasa da kaya a ka, saboda 'yan kabu-kabu sun daina ɗaukar mata. Gidaje da yawa suka ɗaure kaya suka koma garuruwansu. Gidan saurayin nan suna ciki. Ya ce zai dawo a yi maganar aure, har yau yana dawowa. Bayan tafiyarsu ne aka gane yayarka tana da ciki.

Da mamarka ta gaya mini, ka san abin da ya fara zuwa raina? Ba Rahila ba ce, ba ma Allah ba ne. Bakin mutanen gari ne. Ko'ina ana maganar tarbiyya da hukunci, ga 'yar malamin coci da ciki. Na ce a raina yanzu za su ce ai dama Kiristoci ba su da doka, waƙa da rawa kawai suka iya. Sai na ƙudura zan nuna musu mu ma muna da tamu, kuma tamu ba ta san ɗa ba, ba ta san 'ya ba.

Na ɗauko wani tsohon benci mai gurguwar ƙafa daga ɗakin ajiya, na kai shi can bayan coci kusa da ƙofa, nesa da sauran. Ranar Lahadi na tsaya gaban jama'a na sanar cewa nan ne wurin zaman Rahila, an cire ta daga mawaƙa, kuma kada kowa ya zauna kusa da ita. Ishaku, wannan ba dokar Ikilisiya ba ce. Ba Fada ya ce a yi ba. A wani wuri na taɓa gani, na aro. Fadan da ke kula da mu a lokacin yana da ƙauyuka da yawa, ba kowace Lahadi yake zuwa ba. Da ya zo ya ga bencin ya tambaya, na ce masa ita ta zaɓi zama can saboda kunya. Na yi wa Fada ƙarya a cikin coci, ina sanye da rozari a wuya.

Maƙwabcinmu Malam Sahabi, wanda ke koyarwa a makarantar Islamiyya, shi ya tare ni a ƙofar gida da ya ji labari. Na zaci yaba mini zai yi, har na gyara tsayuwa. Sai ya ce, "Malam Habila, mi kaka yi haka? Ɗiyar ga gabanmu anka haihe ta. Wa yas sa ka?" Na ce ai don kada ku ce ba mu da tarbiyya. Ya dube ni ya ce, "To mun ce? Kai dai kaj ji tsoro, kaɗ ɗora ma yarinya." Na ji haushinsa ƙwarai, na yi kwanaki ba na tsayawa mu gaisa. Ga shawarata a nan: duk hukuncin da za ka yanke, ka fara tambayar kanka wa kake so ya gani. In amsar ita ce mutanen waje, ka ajiye shi ka je ka yi addu'a. Ni masu kallon da na yi dominsu ma ba su nema ba.

Wanda ya fi wannan muni yana gaba. Kafin Ista yayarka ta je wurin Fada ta yi ikirari. Ta daɗe a ciki, ta fito idanunta jajur amma fuskarta a sake. Fada ya gaya mata an gafarta mata, ta zo ta karɓi Jibi Mai Tsarki, gurasar Ubangiji, tare da kowa. A Misar Ista, da aka fara layi, na ga ta taso daga bencinta da tsohon ciki, tana tafiya a hankali, hannu a haɗe. Ni ne mai tsara layi. Tsayawa na yi a tsakiyar hanya na zuba mata ido, irin kallon da kuka sani. Ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi bagadi, ta juya ta koma. Allah ya buɗe mata ƙofa, ni katikis na tsaya a bakin ƙofar na tare. Na koya wa yara shekara da shekaru cewa alherin Allah kyauta ne, ba a saye, ba a cancanta. Da ya zo kan 'yata sai na ga kyautar ta yi araha. Wata rana za ka zauna a kujerar ikirari, mutane su zo su kwance maka abin da ko uwarsu ba ta sani ba. In ka ɗaga hannu ka ce an gafarta, to an gafarta. Kada ka bi mutum da ido bayan haka, kada kuma ka bar wani mai himma irina ya bi shi.

Sannan na yi waƙar nan. Ka san ta, don kai ka fara rera ta:

Gonar Uba ba ta son ƙuduji,
A tuge shi tun bai kashe gero ba.

Ban sa sunan kowa ba, amma har yaran da ke bayan rumfa sun san wace ce ciyawar da za a tuge. Da yake babu mai sa mini murya, sai na ɗora ta a kan wata tsohuwar muryar da Rahila ta yi wa wata waƙar. Na tsayar da kai a gaba, da 'yar muryarka mai zaƙi, ka ja baiti jama'a suna amsawa, ita tana zaune a baya tana jin muryarta a bakin ƙaninta. Da aka tashi na dafa kanka a gaban mutane na ce, "Wannan shi ne ɗana." Na hana ka cin abinci kwano ɗaya da ita. Na hana ka raka ta asibiti. Duk yabon da na yi maka a shekarun nan, rabinsa don in ƙona ta ne. Kai kuwa yaro ne mai son ubansa, ka ɗauka haka tsarki yake. Ba laifinka ba ne a lokacin. Amma yanzu gemu ya fara fito maka, in ka ci gaba da riƙe shi ya zama naka.

Ranar da naƙuda ta kama ta ina Shinkafi. Ba dole ne in je ba, na tsiri tafiyar ne. Matar Malam Sahabi ce ta taya mamarka har aka sauka lafiya, aka samu ɗa namiji. Da ta yi arba'in ta ɗaure kayanta ta tafi Zurmi wurin wata ƙawar mamarka mai ɗinki. Ta durƙusa ta sallame ni, ina gyaran sarƙar keke, ban ɗago ba. Na ce mata Allah ya kiyaye, kamar yadda ake ce wa baƙon da ya tambayi hanya.

Tun daga nan waƙa ta ƙaurace mini. Baitoci suna zuwa, amma a bushe. Mutane suka ce tsufa ne, na bar su a haka. Mamarka takan ce za ta Moriki sayen hatsi, ta dawo da yamma ba hatsi, idonta a kumbure. Na san inda take zuwa, ita ma ta san na sani. Ban taɓa tambayarta yaya yaron yake ba. Ka ga wani kuskuren: na ɗauka in na yi shiru, lokaci zai gyara mini abin ba tare da na sunkuya ba. Bai gyara komai ba, yaron dai ya yi ta girma ban san fuskarsa ba. In ka ɓata wa mutum, kada ka aika masa da shiru. Ka sa takalminka ka tafi.

Ni sai da na ji maganarka ta ranar Lahadi na sa nawa. Ranar Laraba na shiga motar Zurmi ban gaya wa kowa ba. Na yi ta tambaya har aka nuna mini shagonta a bayan kasuwa. Wani yaro yana wasa a ƙofa, ya dube ni ya leƙa ciki ya ce, "Mama, ga wani tsoho." Ta ɗago daga kan keken ɗinki. Na shirya magana tun daga Kaura, mai tsawo, da baiti-baiti kamar wa'azi. Ko kalma ɗaya ban samu ba. Ita ce ta taso ta karɓi sandata, ta share kujera da gefen zanenta, ta ce, "Baba, sannu da hanya. Gwiwar ce har yanzu?" Ta kawo ruwa ta durƙusa ta miƙo mini. Na fashe da kuka a gaban masu kawo ɗinki, ni Malam Habila da ko a jana'izar mahaifina ban bari an ga hawayena ba.

Ta kira yaron ta ce, "Baba Ƙarami, zo ka gaida mai sunanka." Ishaku, sunana ta sa masa. A cikin watannin nan da nake tare mata hanya, sunana ta zaɓa. Mamarka ta sani, ta ɓoye mini, ta ce ban isa in ji ba tukuna. Na yi shekaru ina haɗa baiti a kan ƙaunar da ba a cancanta ba, ban taɓa ɗanɗana ta ba sai a shagon nan, kuma ina gaya maka tana da nauyi. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe tun tuni, don ba ta iya goyon yaro da goyon fushi a baya ɗaya ba. Amma kada ka zaci komai ya warke. Na tambaye ta ko tana zuwa coci. Ta ce tana zuwa. Sai ta yi ɗan murmushi ta ce, "Baba, waƙar ga taka ta riga ni zuwa Zurmi. Lahadin farko da nis shiga, da ita anka tarbe ni. Ba su san ni ba, daɗinta kawai suka ji." Ta ce har yau a baya take zama. Ba wanda ya ce mata, Fadan da ke zuwa can ma ya sha kiranta ta matso. Ƙafarta ce in ta kai bencin ƙarshe sai ta tsaya. Ta koma karɓar Jibi, amma ba ta sake waƙa ba, ko a gida. Wannan aikina ne, kuma ban san yadda zan kwance shi ba. Na aika wa duk inda na taɓa koyar da waƙar cewa a daina rera ta. Wasu za su daina, wasu sun riga sun koya wa 'ya'yansu. In Allah ya ba ka baiwar magana, ka ji tsoronta. Wa'azi mai daɗi yana zuwa inda kai ba za ka je ba, ya yi ta dukan mutum kana barci.

Da zan taso ta ce in dakata. Ta buɗe akwati ta ciro farin yadi, mai kyau, a naɗe cikin leda. Ta ce tun da mamarka ta gaya mata an ɗauke ka seminari ta saye shi, tana so ita ce za ta ɗinka maka farar rigarka ta farko. Amma ba ta sa almakashi ba. Ta ce, "Rabona da shi yana iya kafaɗata. Baba, ya kai tsawonka? Kafaɗarshi irin taka ce ko irin ta su kawu?" Na ce zan karɓo mata awonka. Ta girgiza kai. Ta ce ba ta ɗinka wa ɗan'uwanta riga da awon aike. In ka zo ta gwada ka da hannunta, in ba ka zo ba ta mayar da shi akwati, ba za ta ji haushi ba. Sannan ta tambaye ni a hankali, ba ta kalle ni ba, "Har yanzu yana ƙyamata?"

Amsar wannan ba a bakina take ba.

Ba zan umarce ka ba. Na yi umarni ya ishe ni, ga inda ya kai mu. Roƙonka nake yi, ni ubanka. Za su koya maka abubuwa da yawa a can, harsuna da dokoki da yadda ake ɗaga hannu a kan gurasa. Ba na so ka ɗaga hannun nan kana da yaya a Zurmi da ba ka iya haɗa ido da ita. Mutanen da za a ba ka kiwo ba tsarkaka ba ne, irinta ne, mafi yawa ma irina ne, kuma kowane gida za ka shiga. In ba ka iya shiga wannan ba, ban san wanda za ka iya ba.

An ce ranar Litinin motarku za ta tashi. Akwai Asabar. Na roƙi Fada ya ba ka izini, ya ce in kai ka nema zai bayar. Zan kasance a tashar Kaura tun da hantsi, wajen masu lodin Zurmi. In ka zo mu tafi tare, ba sai ka shirya magana ba, ni ma tawa ba ta yi mini amfani ba. In ba ka zo ba zan tafi ni kaɗai, in gaya mata gaskiya, don na daina yi mata ƙarya.

Allah Uba ya tsare fitarka da shigarka. Yesu ya riƙe hannunka a inda nawa ya karkatar da kai. Uwa Maryamu ta yi maka addu'a a baƙon wuri. Allah ya raba ka da haɗarin hanya, ya ba ka malamai masu tausayi, ya sa ka fi ubanka taushin zuciya. Albarkata tana tare da kai ko ta wace hanya ka bi, ba zan janye ta ba. Amma ɗana, ka biyo ta Zurmi. Yadin yana nan ba a yanka ba.

Ni ne mahaifinka,
Habila